Yadda Na Goya Ɗan Mutane a Odense

Tun da na dawo daga Danmak ban huta ba. Duk wadda ta shigo shagona a Kasuwar Muda Lawal, kafin ta taɓa atamfa sai ta ce, "Hajiya, wai da gaske rana ba ta fitowa a can?" Maman Grace, maƙwabciyata a layi, ita ce uwar naci. Ta sa na maimaita labarin har bakina ya gaji, kuma kullum sai ta ce na tsallake wani wuri. To ga shi na zauna na rubuta, kowa ya karanta ya bar ni in yi ciniki.

Abin da ya kai ni jego ne. Autata Hauwa tana zaune da mijinta a wani gari da ake kira Odense, shi yana koyarwa, ita tana aikin jinya, sai Allah ya sauke ta lafiya ta sami ɗa namiji. Amma in faɗa muku gaskiya, ba jegon ne ya hana ni barci ba. Babbar 'yarta ce, takwarata, wadda muke kira Ummi. A can aka haife ta, ta kai shekara bakwai ban taɓa riƙe hannunta ba. In an kira ni a waya sai ta leƙo ta ɗaga hannu ta gudu. Tana jin Hausa, amma ba ta mayarwa. Na ƙudura a raina ba zan dawo Bauchi ba sai yarinyar nan ta san tana da kaka.

Na bar unguwarmu ta Ɗan Iya da asuba da jakunkuna biyu, ɗaya ta tufafi, ɗaya ta abin da ya fi tufafi muhimmanci: kanwa, gero, yaji, kuka, daddawa, busasshen ganyen darbejiya na wanka, da kilishi. Tun kafin mu kai Jos direban motar Abuja ya fara ƙorafi wai daddawata ta cika masa mota. Na ce masa ya buɗe gilashi, ai shi ma da ita aka raine shi. Jirgi kuwa ba ni da abin cewa a kansa, ban da cewa sun ba ni abinci a wani ɗan akwati kamar na magani. A filin jirgin da muka sauya ne na gamu da matakalar nan mai tafiya da kanta. Na tsaya ina karanta duk addu'ar da na sani, layi ya taru a bayana, har wata ɗaliba 'yar Pankshin ta ji ina Hausa ta kama hannuna ta ce, "Mama, ki rufe ido ki taka kawai." Haka na yi, kuma Allah ya yi mata albarka duk inda take.

A Kopenhagen, babban birnin ƙasar, wata ma'aikaciya ta buɗe jakar kayan jegon. Ta ɗaga ƙullin kanwa tana juya shi, na gane abin da take zargi. Da Turancina na kasuwa na ce mata ta masu haihuwa ce, na gutsura na lasa, na miƙa mata. Ba ta lasa ba, amma ta yi dariya ta mayar mini. Kilishin ne ta ce nama ba ya shiga ƙasarsu. Abin da ya ba ni mamaki, sai da ta ba ni haƙuri sau biyu, ta ce ƙamshinsa ya yi mata daɗi. Ban taɓa ganin an ƙwace wa mutum abu cikin ladabi irin wannan ba, har na kusa yi mata godiya.

Baban Ummi ne ya zo tarbata. A tsakiyar Turawa ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, mutane suna kewaye shi da akwatunansu. Ya ba ni wata riga mai kauri kamar katifa. Na ce masa na sha sanyin Jos, ba na bukata. Muna fita ƙofa na karɓa na saka. Muka hau jirgin ƙasa, ya bi ta ƙarƙashin ruwa ya fito ya hau wata gada a kan teku, ni kuwa idona yana kan ƙafafuna. Kafin la'asar ta yi sosai gari ya yi duhu. Ga amsarku nan masu tambayar rana: tana fitowa, amma kamar mai zuwa gaisuwar dole, ba ta zama.

A ƙofar gida na yi kuskuren da ya ci mini kusan duk zamana. Hauwa ta fito da jariri, Ummi tana maƙale da zanenta, kyakkyawa da ita, idanu kamar na mahaifiyata. Daɗi ya cika ni, sai na yi abin da kowace kaka take yi a garinmu. Na ce, "Wannan ce takwarar tawa? Wannan mummunar? A'a, ku mayar da ita inda kuka samo ta, ni ga angona nan na zo gani." Na karɓi jaririn ina yi masa rawa.

Da a Bauchi ne, yarinya za ta murguɗa baki ta ce ai ni ce tsohuwa mai haƙora uku, a yi dariya a wuce. Ummi ta dube ni kawai, ta saki zanen uwarta, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

Hauwa ta ce, "Mama, ai ta ji abin da kika ce. Nan ba su san wasan jika da kaka ba. In babba ya faɗi magana, sun ɗauka haka take har zuciyarsa."

Na ce, "To ki gaya mata wasa ne mana."

Ta gaya mata, uban ma ya gaya mata. Ummi ta ce in wasa ne me ya sa ita bai ba ta dariya ba. Daga ranar, in na shigo falo sai ta tattara littattafanta ta koma ɗaki. Ba rashin kunya, ba tsiwa, gaisuwa ma tana yi da kai. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na kama aikin da ya kawo ni. Gidan ɗan ƙarami ne a hawa na biyu, amma ɗumi har ƙasan daɓe, kana takawa kamar an shanya shi a rana. Ruwan zafi ba sai an hura wuta ba, murɗawa kawai ake yi, sai na tuna garwar da na sha tafasawa da itace lokacin jegon yayyenta. Na jiƙa darbejiya na yi wa Hauwa wanka a wani banɗaki da ba ya ɗaukar mutum biyu sai an yi haƙuri da juna. Da na gama na sa garwashi na zuba turaren wuta. Ban kai ga ajiye kaskon ba wata na'ura a silin ta fasa ihu, jariri ya taya ta, ni kuma ina ta fifita da mayafi ina salati.

Ihun nan ne ya kawo mini ƙawa. Maƙwabciyarsu ce, Kirsten, tsohuwar malamar makaranta, doguwa, mai farin gashi, ta girme ni amma kullum a kan keke take zuwa cefane. Ta shigo da gudu ta hau kujera ta kashe abin, sannan ta tsaya tana shaƙar hayaƙin ta ce ko zan sam mata. Washegari ta gayyace ni shayi. Ta kunna kyandir a taga da rana tsaka, ga wutar lantarki ba a ɗauke ba. Haka duk garin suke yi a watannin duhu, kuma in ka bi titi ka ga tagogin nan sai ka ji zuciyarka ta kwanta. Ta ba ni baƙin burodinsu mai tsami da kifi ɗanye a cikin ruwan tsami. Burodin na saba da shi daga baya. Kifin kuwa na bar shi tsakanina da Allah.

Ina zaune sai na hango wani abu rataye a bangon kicin ɗinta, na miƙe tsaye. Tanda ce! Ta ƙarfe, da ramukanta, ba ta da maraba da ta gidanmu. Ta ce a cikinta suke toya wata waina mai zaƙi a ƙarshen shekara. Na ce mata ta ba ni aro ta ga ikon Allah. Na jiƙa shinkafa na kwana da ƙullu, na toya musu masar Bauchi da miyar taushe ta kabewarsu. Kirsten ta ci har tana lumshe ido. Ummi ma ta ci da yawa, ina kallonta ta wutsiyar ido, amma da ta gama uwarta ta yi wa godiya.

Haka muka yi arba'in. Kwanakina suka fara ƙarewa, na fara ninke kaya, yarinya ba ta ce mini ko kanzil ba. In na idar da salla sai in zauna a kan darduma ina jin muryarta ta bango tana karanta wa ƙaninta wani littafi da yarensu. Kullum shi ne dai. Hauwa ta ce tatsuniya ce da aka karanta musu a makaranta, ta wani marubuci ɗan garin wanda duk duniya ta san shi, kuma tun ranar Ummi ba ta rabu da ita ba. Kirsten ta ce ai ba zan bar Odense ban ga unguwar da ya tashi ba. Aka sa rana, muka fita mu biyar har da jaririn a ƙirjin uwarsa.

Unguwar tsofaffin gidaje ce, gajeru, in na miƙa hannu zan taɓa rufin wasu. Gidan da ya girma ɗaki ɗaya ne da ɗan kicin, a nan uban yake gyaran takalma, a nan suke kwana. Na ce wa Hauwa ai wannan ko a ƙauyenmu Inkil ba za a kira shi gidan mai hali ba. Daga nan Kirsten ta gangara da mu bakin kogi, ta nuna mana inda uwarsa take tsayawa a cikin ruwa tana yi wa masu kuɗi wankau. Na cire safar hannu na taɓa ruwan, sai da na ji shi a haƙorana.

A nan bakin ruwan Kirsten ta ba ni tatsuniyar, Hauwa tana mayar mini da Hausa. Wata yarinya ce mai tallan ashana, a daren ƙarshen shekara, ba takalmi, ga ƙanƙara. Tun safe ba wanda ya saya, tana tsoron komawa gida saboda dukan uba. Ta rakuɓe a jikin bango tana ƙyasta ashanar ɗaya bayan ɗaya don ta ji ɗumi, kowace ta ƙyasta sai ta ga wani abin da take marmari, har ta ga kakarta da ta rasu ta zo ɗaukarta. Da gari ya waye aka tsinci gawarta.

Na ce, "Shi ke nan? Ba wanda ya zo?"

Kirsten ta ce shi ke nan. Ta ce wani mai buga littattafai ne ya aika wa marubucin hotuna ya zaɓi ɗaya ya yi labari a kai, ya zaɓi na yarinya mai ashana. Amma asalin abin daga uwarsa ya samo shi, mai wankaun nan. Tana ƙarama iyayenta sukan tura ta bara, wata rana ta kasa roƙon kowa, ta kasa komawa gida hannu wofi, ta shiga ƙarƙashin gada ta wuni tana kuka. Ita ta ba ɗanta labarin da bakinta, shi kuma bai manta ba.

Hawaye suka zubo mini, na yi maza na goge. Hauwa ta tambaye ni ko sanyi ne, na ce sanyi ne. A raina kuwa jinjina wa matar nan nake yi, da ta iya buɗe baki ta gaya wa ɗanta irin wannan abu, da shi ɗan da bai ji kunyar uwarsa ba, ya ɗauki kukanta ya kai shi gidajen da ba su taɓa kwana da yunwa ba. Mutanen garin ma ban raina musu ba. Da wasu ne da sun rushe ɗakin sun ce a fada aka haife shi.

Muka hau sama zuwa titin kasuwa. Jariri ya ɓata jikinsa, Hauwa da Kirsten suka shiga wani kanti su gyara shi, aka bar ni a waje da Ummi, tana gefe tana kallon takalminta. Sai na ji ɗan kuka siriri. Na waiga, ga keken jarirai a jikin bangon wani shagon shayi, ba kowa kusa da shi. Na matsa na leƙa. Jariri ne a ciki, ɗan Bature, kumatunsa sun yi ja, numfashinsa yana fita kamar hayaƙi. Na duba dama na duba hagu. Mutane suna ta wucewa da ledojinsu, wani ma har ya kauce wa keken, ko kallo bai yi ba.

Ban yi shawara da kowa ba. Na zare shi daga cikin bargunan, na sunkuya na ɗora shi a bayana a kan rigar katifar nan, na warware mayafina na ɗaure shi tam. Na fara jijjiga shi ina cewa, "Yi shiru, yi shiru, ga ni nan." Ya kuwa yi shiru.

Ƙofar shagon ta buɗe da ƙarfi. Wata mata ta fito a guje, fuskarta ta yi fari fat, tana ihu da yarensu, wani namiji yana binta. Ta kama mayafin tana ja, ni kuma na riƙe ƙullin, don ban san ko wace ce ba, kuma in ta ja da ƙarfi yaron zai faɗo. Turancina ya gudu ya bar ni, abin da nake iya cewa kawai, "Sanyi! Sanyi!" Mutanen da ba su tsaya wa jariri ba duk suka tsaya mini. Na ga wani ya ciro waya, na ce yau ni Binta zan kwana a hannun hukuma a ƙasar mutane.

Sai ga Ummi ta shiga tsakanina da matar. Ta buɗe hannuwanta biyu, ta ɗaga kai tana magana da ƙarfi, ba ta tsayawa. Matar ta saki mayafin. Ta dubi Ummi, ta dube ni, ta dubi ɗanta da ya kwantar da kai a bayana yana tsotsar hannu. Ta rufe baki da tafinta, na kasa gane kuka take ko dariya, ashe duka biyun ne.

Hauwa ta iso tana haki. "Innalillahi, Mama! Me kika yi?"

Na ce, "Yar da shi aka yi a titi."

"Ba yar da shi aka yi ba, barci aka sa shi! Haka suke yi a nan."

Ashe al'adarsu ce. Jariri ya yi barcin rana a waje ya sha iska, ko da ƙanƙara, uwar tana ciki tana kallonsa ta gilashi. Har angon nawa ma so suke su fara sa shi a baranda, suna jira ne in tafi, don Hauwa ta san halina. Uwar yaron ta kwance shi daga bayana da kanta, ta ja hannuna ta sa a cikin keken. Fatar tunkiya ce a shimfiɗe, da ɗumi kamar cikin tanda, ga wata 'yar na'ura da ke kai mata kukansa har teburinta. Kunya ta kama ni kamar in nutse. Amma ko a cikin kunyar sai da na yi mamakin ƙasar da ake ajiye ɗa a bakin titi a shiga shan shayi, ba a tsoron kowa. Garin da yarinya ta taɓa wuni a ƙarƙashin gada, yau ga inda suka kai shi.

Iyayen yaron suka matsa sai mun shiga mun sha shayi tare, muka shiga. Da muka zauna na tambayi Hauwa me Ummi ta ce wa matar. Ta tambaye ta, ta juyo mini da shi: wai kakata ce, ba ɓarauniya ba ce, a ƙasarsu ba a wuce yaro a cikin sanyi, kuma duk titin nan ita kaɗai ta tsaya.

Ban gama haɗiye wannan ba Ummi ta sake yin magana, idonta a kaina. Hauwa ta ce, "Wai me ya sa kika yi kuka a bakin kogi. Ta ce ta gan ki."

Na yi niyyar in ce sanyi ne. Sai na tuna mai wankau. Na ce wa Hauwa, "Ki mayar mata yadda na faɗa, kar ki rage."

Na ce ina kamar shekarunta mahaifina ya rasu, muna Inkil, ni nake ɗaukar tallan dafaffen rogo in shigo gari a ƙafa. Innata ba ta duka. In na dawo da rogo bai ƙare ba, sai ta duba farantin ta ce mu ci, ita ta ƙoshi. Na fi tsoron wannan ƙoshin nata fiye da bulala. Wata rana da damina ruwa ya tsare gari, ba wanda ya saya, rogon ya jiƙe ya yi yauƙi. Na kasa komawa. Na shiga ƙarƙashin wani kwalbati a bakin hanya na zauna, ruwa yana bi ta kan ƙafafuna, ina jin takun mutane da kekuna a saman kaina har aka kira magariba.

Hauwa tana mayarwa tana mayarwa, sai ta tsaya a wajen kwalbatin. Ita da ta tashi ta gan ni da shago da mota, ban taɓa gaya mata ba, ban gaya wa ko ɗaya cikin 'ya'yana ba. Ta ce, "Mama..." ta kasa ci gaba. Ummi ba ta jira ta ba, ashe ta gane da kanta. Ta yi wata gajeriyar tambaya, Kirsten ce ta mayar mini da Turanci a hankali: wa ya zo ya ɗauke ki?

Na ce, "Ba kowa. Da duhu ya fara na tashi na ɗauki farantina na tafi gida."

Ummi ba ta ƙara taɓa kofinta ba. Muka yi sallama da iyayen yaron, muka fito, fitilun titi sun kama. Mun ɗan taka kaɗan sai ta saki hannun uwarta ta sha gabana. Ta juya mini baya, ta durƙusa a kan ƙanƙarar nan, ta miƙo hannuwanta ta baya yadda ta ga na yi.

Ta ce, "Kaka, hau."

Da Hausa ta faɗa, kuma ita ce maganar farko da ta taɓa yi mini. Hauwa ta juya fuska tana share ido da hular jariri. Ni kuwa na sunkuya na ɗora hannuwana a kan 'yan kafaɗunta, na sakar mata nauyi kaɗan don ta san ta ɗauka. Ta miƙe tana nishi, ta kama gefen rigata ta baya ta riƙe gam. Haka muka bi titin nan har tashar bas, ita a gaba, ni a duƙe a bayanta, Turawa suna kallonmu. Bayana ya yi kwanaki yana ciwo, ban gaya wa kowa ba.